Komawa kan keke bayan hunturu: daga Rijiyar Zaki zuwa wurin aiki

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Yau na fito da keken daga lungun da ke bayan tankin ruwa. Rabona da shi tun makon ƙarshe na Nuwamba, ranar da na iso ofis ina tari kamar ƙirjina zai tsage, idanu jajur, gashin ido fari fat da ƙura. Mura ta kwantar da ni kwana huɗu, da na tashi kuma uwargida ta ce ba da ita ba, in dai sanyin asubar nan ne to in haƙura da keke sai ya wuce. Na ce mako biyu kawai. Ga shi an doshi wata uku.

Halin da na same shi ba daɗin gani. Tayoyi biyun duk sun kwanta, ta gaban ta tsattsage ta gefe kamar kaushin dunduniya. Ban ga tsatsa ko kaɗan ba, domin hunturu ba ya kawo tsatsa, busarwa ce tasa. Man da ke jikin cen ya haɗu da ƙura ya daskare ya zama kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, in ka juya feda sai ka ji ƙuruc-ƙuruc. Ƙararrawa kuwa babu ita. Na tambayi yara, kowa ya ce bai gani ba, autan ne kawai ya sunkuyar da kai.

Don wanda zai karanta bai san ni ba: ina zaune a Rijiyar Zaki a Kano, ina aiki a wani ofis gaba da Gidan Murtala, ta wajen titin gidan gwamnati. A wayata tafiyar kilomita 11 da rabi ce, zuwa da dawowa 23. Da ina da mashin. Bayan an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, yanzu kuma tana neman dubu. Na yi ta lallaɓawa har ƙarshen shekarar, sannan na sayar da shi na sayi wannan keken na hannu, mai giya, irin wanda ake cewa ɗan Baljiyam. Na yi kusan shekara a kansa lafiya ƙalau kafin wannan hutun.

Abin da nake so: kafin azumi ya kama, in koma hawa kwana biyar a mako. Saura mako uku.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na tura shi wurin Baba mai gyaran keke da ke gindin darbejiyar bakin masallacinmu. Da ya hango ni sai ya ce, "A'a, Malam, ashe kana gari? Na ɗauka ka yi mota ka manta da mu." Na ce Baba, motar tana hanya, a dai taya mu da addu'a.

Ya kifa keken, ya wanke cen da kananzir da tsohon burushin haƙori, ya kwance cibiyar ƙafar baya ya zubar da boris ɗin a murfin gwangwani. Uku daga ciki sun cinye, giris ɗin ya bushe ya koma gari. Robar birki ta ƙandare, ko ka matse iya ƙarfinka sai dai ta yi ƙara ta zame. Yana aiki yana ba ni labarin zamanin da ake haɗa Raleigh a nan Kano, lokacin da malamin makaranta in ya sayi sabon keke sai an zo ganinsa har gida. A wurinsa duk keken da ke da giya abin wasan yara ne. Ban yi musu da shi ba, keken nawa yana hannunsa.

Sabuwar tayar gaba naira 8,500, robar birki gaba da baya 1,500, wayar birkin baya 1,000, boris da giris 1,200, kananzir 800, kuɗin hannu 2,000. Dubu 15 cif. Tayar baya ya duba ya ce da sauranta, iska kawai ya ba ta. Ni ma na ji daɗi da ba a taɓa ta ba, don aljihun ya fara kuka.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ranar farko. Na fita bakwai saura kwata. Har yanzu akwai ɗan sanyi, amma ba irin na Janairu mai shiga ƙashi ba, rigar sanyi mara nauyi ta wadatar. Na sa takunkumi saboda ƙura.

Daga gida zuwa Kabuga sai na ji kamar ban taɓa ajiye keken ba, har ina yi wa kaina kirari a zuci. Daga Ƙofar Famfo labari ya sauya. Cinyoyi suka fara zafi, numfashi ya gajarta, takunkumin ya jiƙe ya manne mini a hanci, dole na sauke shi ƙasan haɓa. Abin da na manta da shi gaba ɗaya shi ne iska. Mu 'yan yammacin gari gabas muke fuskanta da safe, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take taho wa, don haka kusan a ƙirji take dukanka. A Adaidaita Sahu ba ka sanin da ita. A kan keke kuwa kamar wani ne ya riƙe maka kariya ta baya. Ga kuma rana a ido: da safe kana fuskantarta, da yamma in ka juyo gida tana jiranka a gaba. Wanda ya gina gida a yammacin wurin aikinsa bai yi shawara da mahayin keke ba.

Na bi ta gaban tsohuwar jami'ar Bayero, Gadon Ƙaya, Ƙofar Na'isa, badala tana hagu da ni. A Ɗan Agundi ana aikin gada, an karkatar da hanya, kowa ya cusa kai ta siririn wuri guda. Nan na sauka na tura, ban ga dalilin jayayya da tifa ba.

Awa ɗaya da minti biyar. Kafin hutu minti 42 nake yi. Maigadinmu da ya gan ni ina saukowa ƙafafu na rawa ya ce, "Yallaɓai, sannu da hanya, ko a kawo kujera?" Dawowa ta fi muni, ba don ƙafa ba, don mazaunai. Sirdin da na saba da shi ya zama kamar dutse. Daga Kabuga zuwa gida rabin tafiyar a tsaye na yi ta a kan feda.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ban hau ba. Ko zaman tahiya da ƙyar. Adaidaita, naira 1,400 zuwa da dawowa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Minti 58. Na ɗaga sirdin kamar faɗin yatsa biyu, domin na lura Baba ya sauke shi lokacin gyara, gwiwata ba ta miƙewa in feda ta kai ƙasa. Ciwon gaban gwiwar da na kwana da shi shekaranjiya ya ragu nan take.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na yi gangancin hawa da doguwar riga don kada in sake shiri in an tashi masallaci. Gaba da Gadon Ƙaya cen ya kama bakin rigar ya yi mata zanen baƙin mai har gwiwa. Shadda ce ta ɗinkin bara. Abin da aka faɗa mini a gida ba zan rubuta shi a nan ba.

Na koma tsarin da: kayan ofis a ninke cikin leda a ɗaure a kariya, takalmi sau-ciki ya zauna a ƙarƙashin tebur a ofis, a hanya kuma riga mai gajeren hannu da wando, ƙafar dama a ɗaure da roba. In na isa in shiga banɗaki da buta in goge jiki in sauya. Duk na san wannan tun bara, wata uku ne suka goge shi.

Na sayi sabuwar ƙararrawa, 1,500.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Faci na farko. Daf da Ƙofar Na'isa na ji bayan keken yana lilo, kafin in tsaya tayar ta zauna. Wani yaro mai facin mashin a bakin titi ya zare tub ɗin, ya goge wurin, ya shafa sholisho ya manna. Naira 400, minti 20. Na tambaye shi me ya huda, ya ce ƙila tsidau ne. Na yarda, domin ina yawan sauka gefen kwalta in mota ta matso ni, nan ne kuma tsidau da fasassun kwalabe suke taruwa.

Talata da Laraba, 18 da 19 ga Fabrairu

Lafiya lau. Minti 54, minti 52. Zafin sirdi ya fara sauƙi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Tayar baya kuma. Wannan karon a hanyar dawowa, ana kiran magariba, tsakanin Ƙofar Famfo da Kabuga. Masu faci duk sun tashi. Na tura har Kabuga, na samu wani yana haɗa kayansa, ya ce shi ba zai tsaya neman huji a duhu ba, in ina so ga sabon tub. Akwai na 4,000, akwai na 2,500. Na ɗauki na 2,500, ya sa mini a 300. Tun a hannu na ji robar siririya ce, amma na ce ai tub tub ne.

Ya gama, ya ba ta iska, na hau, ban yi nisa ba na ji ƙafar tana tsalle. Bai zaunar da bakin tayar daidai a cikin rim ba, ta kumburo ta gefe guda. Na juyo, ya riga ya tafi. Ƙarshe dai Adaidaita na tsayar. Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 su ne sarakan titi, sun kuma san haka. Na farko ya ce ba ya ɗaukar keke, na biyu ya ce sai dai in biya kuɗin kujerar baya gaba ɗaya. Naira 1,500 daga Kabuga zuwa gida, tafiyar da ake yi a 250. Muka cusa keken a kwance, ƙafar gaba tana leƙe a waje, ni kuma na rakuɓe kusa da direba.

A gida na sace iskar, na daidaita bakin tayar da hannu, na sake bugawa da famfo. Ta zauna.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Hazo ya ɗan dawo, gari ya yi fari. Wani abokin aikinmu da ya karanta ilimin ƙasa ya ce mafi yawan ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Na ce to a gaishe su, rabin garin nasu yana cikin cen ɗina. Na goge shi da tsumma na ɗiga mai kaɗan. Kuskuren da nake yi a da shi ne malala baƙin mai har yana ɗiga, wanda shi ne yake kama ƙurar.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Minti 49.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na fito da safe na tarar tayar baya a kwance, a cikin gida, ba inda ta je. Sabon tub, kwana biyar. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ce wa uwargida anya ba sayar da keken nan zan yi ba. Ta ce, "Abbansu, kai da ka ce ya fi maka mashin?" Na tafi a Adaidaita.

Da yamma na kai wa Baba, na ce tsidau ya sa ni gaba. Bai ce komai ba. Ya zare tub ɗin ya ba shi iska ya nutsa a bahon ruwa yana juyawa har ƙananan kumfa suka fara tasowa. Ya ɗora yatsa a wurin, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, ƙaya ta ina take shiga taya?"

Na ce ta waje mana.

"To dubi inda hujin yake."

A cikin cikin tub ɗin yake, ɓangaren da ke kwanciya a kan ƙarfen rim, ba wanda ke fuskantar ƙasa ba. Ya ce in kawo tsohon tub ɗin in yana nan. Na aika yaro ya ɗauko. Facin ranar Litinin da hujin ranar Alhamis duk a ciki suke, kuma nisansu da bawul ɗaya ne da na yau.

Sai ya cire tayar gaba ɗaya. Akwai wata siririyar roba da ake zagaya cikin rim da ita don ta rufe kawunan sifok. Tawa ta bushe ta kakkarye, ta zame gefe, kan sifok guda ya fito tsirara, da ɗan kaifi. Duk sanda na hau, nauyina yana danna tub a kansa. Watannin da keken ya yi a zaune ba iska, ga bushewar hunturu, su suka kashe robar. Masu facin nan biyu gefe guda kawai suka buɗe suka zaro tub, ba wanda ya leƙa ciki. Ban ga laifinsu sosai ba, faci na ce su yi. Shi ma Baba ya ce da ya sani ranar farko da ya buɗe ta, amma ya ga ina ta lissafin kuɗi da yatsu.

Ya goge kan sifok ɗin da zarto, ya yanko dogon zare daga tsohon tub ɗina, ya huda wurin bawul, ya zagaya rim da shi. Da faci duka naira 700. Abin da ya ci mini fiye da dubu biyar da kwana biyu na aiki, maganinsa guntun tsohuwar roba. Game da tub ɗin 2,500 kuwa ya murza shi a yatsa ya ce, "Araha ba ta ado. Ka lallaɓa shi zuwa ƙarshen wata."

Laraba zuwa Juma'a, 26 zuwa 28 ga Fabrairu

Kwana uku ba faci. Ina ta taɓa tayar duk inda na tsaya kamar mai jinyar yaro.

Lissafin wata: na yi cikakkun kwanaki 11 a kan keke, wato na tsira da naira 15,400 na mota. Na kashe wa keken 20,400, ban da kuɗin Adaidaitar daren Alhamis. Har yanzu ni nake bin keken bashi. Amma da na juya na lissafa hutun, kusan kwanakin aiki 50 a kan 1,400, sai ga dubu 70. Daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin bara. Ban taɓa haɗa shi wuri guda ba sai yau, kullum ɗari bakwai-bakwai yake fita ba a ji.

Kwana biyar a jere da na yi niyya bai samu ba. Da daddare aka sanar an ga wata, gobe azumi.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi na uku, hawa na farko da azumi a baki. Da safe daɗi: an rufe makarantu tun Juma'a sai bayan Sallah, titi fayau, ba motocin kai yara. Minti 46. A ofis an rage mana lokaci, ana tashi ƙarfe biyu. Na dawo cikin rana, na iso a galabaice amma lafiya.

Sanyi ya tafi kamar an yi ruwa an ɗauke. Tazarar da ke tsakanin hunturu da bazara a Kano ba ta wuce 'yan makonni ba, ni kuma na cinye nawa a wurin masu faci.

Talata da Laraba, 4 da 5 ga Maris

Haka dai. Bakina yana bushewa tun daga Ƙofar Na'isa.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau na ga iyakata. Na makara ban yi sahur sosai ba, ruwa kofi ɗaya da dabino. Na baro ofis biyu da kwata, rana tana tsakiyar ka, kwalta tana hucin da kake ji a tafin ƙafa ta cikin takalmi. Wajen Gadon Ƙaya na lura gumi ya daina fito mini, ban kawo komai a raina ba, har na ce jikina ya saba. Kafin Ƙofar Famfo kaina ya fara sarawa, sai na ga titin yana yin duhu daga gefe-gefe, kunnuwana suka toshe. Allah ya taimake ni na samu na sauka kafin in faɗi. Na jingina keken da wani kanti a rufe na zauna a dakalinsa.

Wasu samari masu wankin mota a kusa suka taso. Ɗayansu ya ce, "Baba, lafiya? Ko ciwon suga ne?" Na ce azumi ne da rana. Ya kawo bokiti ya kwarara mini a ka da wuya da baya, ɗaya yana yi mini fifita da kwali. Wani dattijo da ke wucewa ya ce in dai abin ya yi tsanani in sha ruwa in rama, addini bai ce in kashe kaina ba. Gaskiya ya faɗa. Na ce a ba ni ɗan lokaci in gani. Bayan kamar minti 20 ganina ya washe, na ƙarasa azumin, amma ban sake hawa ba. Samarin suka ce in bar keken wurinsu, na ce a'a na gode, aka sake cusa shi a Adaidaita.

Wautar tawa ce. Ɗaukewar gumi a irin wannan rana alama ce ta ruwan jiki ya ƙare, lokacin ya kamata in nemi inuwa, ba sai ido ya rufe ba. Kuma ba wanda ya ce dole in fito ƙarfe biyu don an ce a tashi ƙarfe biyu.

Asabar, 8 ga Maris

Jiya ban hau ba. Sabon tsari: kwana uku a mako, ba biyar ba. In an tashi in zauna a masallacin ofis in yi karatu har la'asar, in kamo hanya wajen huɗu da rabi. Tsakanin buɗa-baki da sahur in tabbatar na sha ruwa lita uku, kaɗan-kaɗan, ba a tashi ɗaya ba. Kunu da sahur ya fi zama a ciki a kan shayi. Zan riƙa jiƙa ƙaramin tawul in ɗora a wuya ƙarƙashin hula.

Na je Kasuwar Sabon Gari na sayo tub mai kauri 4,000 da fitilar caji ta gaba da 'yar ja ta baya 4,500. Na tambayi hular kwano, kuɗin da aka faɗa ya sa na ce sai bayan Sallah.

Litinin, 10 ga Maris

Tsarin ya yi. Na iso gida biyar da rabi da sauran ƙarfina, har na je sayo ƙanƙara.

Laraba, 12 ga Maris

Na tsaya ƙarasa wani aiki, ban fito ba sai shida saura. Wanda bai taɓa bin titin Kano a wannan lokaci da azumi ba, ba zai gane ba. Kowa yana son ya sha ruwa a gida, kowa yana jin yunwa, ba mai haƙuri da wani. Masu kankana da ƙosai da ƙanƙara sun cinye gefen titin da nake bi, dole na shigo cikin motoci.

Daf da Kabuga wani mai Adaidaita ya wuce ni ta hagu, ya hango fasinja, ya yanko gabana ya taka birki, ba sigina ba komai. Na matse birki biyun, ƙafar baya ta ja ƙasa, ta gaba ta daki bayansa, na kife gefe. Gwiwar hannu da ta ƙafa suka ɗaye, ledar kayana ta yi tsalle cikin kwata. Ya leƙo ya ce, "Alhaji yi haƙuri, ban gan ka ba," ya ɗauki fasinjansa ya wuce. Na yarda bai gan ni ba. Direban Kano yana ganin mota, yana ganin mashin, amma keke a idonsa kamar mai tafiya a ƙasa ne, bai san yana gudu ba. Da robar birkin nan ta Nuwamba ce a jiki, da yanzu wani labarin ake.

Ni ma da nawa: na san halinsu, na san duk inda mutum ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu to Adaidaita zai faɗo wurin. Bara idona a kan masu tsayar da mota yake, ba a kan motar ba. Wannan ma sai yanzu ya dawo mini.

A bakin titi na sha ruwa, wani mai shago ya miƙo mini dabino da ruwan leda. Na lallaɓa gida ƙafar gaba tana goga birki.

Alhamis, 13 ga Maris

Sifok biyu sun karye, rim ya ɗan karkace. Baba ya sauya ya daidaita, 2,500. Ya ce, "Malam, kai da keken nan wa ke hawa wani?"

14 zuwa 24 ga Maris

Na hau ranar 14, 17, 18, 19 da 24, ba abin faɗa. Ƙa'ida: in biyar ta wuce ina ofis, keken ya kwana wurin maigadi. Da goman ƙarshe ta shiga, ga tahajjud ga rashin barci, na daina kai shi aiki bayan ranar 24. Amma ban mayar da shi bayan tanki ba. Da shi nake zuwa masallaci da dare, da shi nake zuwa cefane, kowace Juma'a in duba iska.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah, azumi 29. 'Ya'yan yayata sun zo sun yi ta zagaye layi da keken har magariba. Na cire ƙararrawar na sa a aljihu kafin in ba su.

Laraba, 2 ga Afrilu

An koma aiki bayan hutun kwana biyu. Da karin kumallo a ciki da gorar ruwa a kariya, tafiyar kamar ana tura ni. Minti 44.

Litinin, 7 ga Afrilu

Makarantu sun koma, cunkoso ya dawo. Daga Ƙofar Na'isa zuwa Ɗan Agundi na wuce motocin da ban iya ƙirgawa ba, ciki har da ta wani abokin aikinmu da ya fi kowa tsokanata da "Malam mai keke". Na riga shi sa hannu da kusan kwata. Ban ce masa komai ba, ƙararrawa kawai na kaɗa masa lokacin da na gifta.

Na dawo da fita shida da rabi saboda zafi. Da rana yanzu ma'auni yana taɓa digiri 40.

Asabar, 12 ga Afrilu

Makon nan na yi kwana biyar a jere, karo na farko tun Nuwamba. Mako uku na ɗiba masa, ya ci wata biyu.

Daga 11 ga Fabrairu zuwa jiya cikakkun kwanaki 29, kilomita 667. Kuɗin motar da bai fita ba naira 40,600, abin da keken ya ci 31,400. Ya biya bashinsa ya bar 9,200. Tayar baya ba ta sake sacewa ba tun ranar da Baba ya sa mata guntun roba.

Abin da ke gaba damina ce. Keken ba shi da madigadi, ɗan Baljiyam haka suke zuwa, bara kuwa na sha tsartuwar taɓo a gadon baya har na gaji. Baba ya ce yana da na wani tsohon Phoenix da zai iya lanƙwasawa ya ɗaura, zai duba mini ranar Talata. Hular kwano in an yi albashi. Ina kuma son ƙaramin famfo da kayan faci da zan riƙa ɗaurawa ƙarƙashin sirdi, in koyi yi da hannuna; Baba ya ce in zo wata Lahadi da tsohon tub ya nuna mini. Robar birkin baya ta fara cinyewa ta gefe guda, ita ma a duba ta ranar Talatar.